Aiki Yana Cinye Mini Karatu, Shin In Ajiye Digirin?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 22, ina karatun digiri a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma zango uku suka rage mini in kammala. Fiye da shekara ɗaya ke nan da wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni a matsayin ɗan koyon rubuta manhaja, bisa alkawarin baka cewa za a riƙa ba ni lokacin halartar darussa. Da farko an cika alkawarin, amma da hannuna ya fara faɗawa sai aka yi ta ɗora mini aiki, har ta kai ina yin kwana biyar cur a ofis, wani lokaci ma a kira ni da dare ko a ƙarshen mako idan manhaja ta samu matsala. A zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu, ɗaya daga cikinsu shi ne na algoridim (matakan da kwamfuta ke bi wajen warware matsala) da tsarin jera bayanai. Yanzu shugaban sashenmu a kamfanin ya ce in na ajiye karatun za a tabbatar da ni a matsayin cikakken ma'aikaci tare da ƙarin albashi, domin a cewarsa abin da ake koyarwa a jami'a ba da shi ake aiki ba. Mahaifina kuma ya ce in bar aikin in fuskanci karatu, wai taura biyu ba sa taunuwa. Ina ƙaunar aikin, kuma da albashinsa nake biyan kuɗin makaranta. Wanne zan saki?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Shawarata ita ce kada ka ajiye digirin, kada kuma ka yi gaggawar ajiye aikin. Abin da ya lalace a al'amarinka shi ne iyakar da ke tsakanin lokacin aiki da lokacin karatu, wadda aka kafa da fatar baki, aka kuma yi ta matsar da ita kaɗan-kaɗan ba tare da wani ya ce uffan ba, har kai ma. Wannan iyaka ita ce za ka fara gyarawa, kuma sai idan gyaran ya gagara ne maganar saki za ta taso.

Bari mu fara da lissafi, domin ina jin a cikin wasiƙarka kamar kana zargin kanka da gazawa, alhali lambobi sun isa su wanke ka. A tsarin auna nauyin karatu da jami'o'in Turai ke amfani da shi, ana ƙiyasta cewa shekarar karatu ɗaya ta cikakken ɗalibi tana cin awa 1,500 zuwa 1,800, idan aka haɗa darussa da nazari da ayyukan gida da jarrabawa. Ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako kuma, ko da mako 45 kawai ya yi a shekara, ya kashe awa 1,800. Idan ka haɗa mafi ƙarancin na farkon da na biyun, za ka samu awa 3,300, wato fiye da awa 63 a kowane mako na shekara, ba tare da hutun ko mako ɗaya ba, kuma ba a sa zirga-zirga da kiran dare da rashin lafiya a ciki ba. Mutum yana iya jure wannan na ɗan lokaci, amma ba ya jure shi shekara guda ba tare da wani abu ya zube ba. A wurinka kwas biyu ne suka zube.

Saboda haka mahaifinka yana da gaskiya idan abin da ake nufi shi ne cikakken aiki da cikakken karatu a lokaci ɗaya. Sai dai haɗa koyon sana'a da karatun jami'a tsohon tsari ne da aka daɗe ana cin moriyarsa, kuma duk inda ya yi nasara za ka tarar an raba lokacin tun daga farko an kuma rubuta rabon. A Jami'ar Cincinnati ta Amurka, inda Herman Schneider ya soma wannan tsari a 1906, ɗaliban injiniya suna musayar lokaci ne tsakanin aji da masana'anta. Jami'ar Waterloo ta Kanada, wadda aka kafa a 1957, ta shahara da zangon karatu na wata huɗu da zangon aiki na wata huɗu. A jihar Baden-Württemberg ta Jamus, inda aka fara irin wannan karatu a 1974, ɗalibi yakan yi wata uku a makaranta, wata uku a kamfani. A Ingila kuwa, inda aka ƙaddamar da tsarin koyon sana'a mai kai wa ga digiri a 2015, an yi shekaru ana bin ƙa'idar cewa kashi 20 cikin 100 na lokacin aikin da ake biyan ɗan koyo, wato kusan yini ɗaya a mako, na karatu ne da horo, kafin a mayar da ita aƙalla awa 6 a mako a 2022. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara ga kirkin maigida ko juriyar ɗalibi. Kai naka tsarin a kan waɗannan biyun kaɗai ya tsaya.

Akwai dalilin da ya sa a irin wannan ja-in-ja aiki ne kullum yake rinjaye. Aiki yana da baki: ana aiko maka saƙo, ana taron safe a tambaye ka inda aka kwana, abokin ciniki yana jira, kuma idan ka gyara matsala nan take za a yaba maka. Karatu shiru yake yi. Idan ka ƙi buɗe littafi yau ba wanda zai kira ka, gobe ma haka, sai ranar jarrabawa ya zo ya karɓi bashinsa gaba ɗaya. Duk wanda ya bar kowace safiya ta yanke masa abin da zai yi, wanda ya fi ɗaga murya zai bi.

Yanzu mu zo ga maganar shugaban sashenku, domin ita ce ta fi haɗari a cikin duk abin da ka faɗa, musamman da yake akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Gaskiya ne cewa a ofis ne ake koyon aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyaren kod, wato rubutun umarnin da ake gina manhaja da shi, da karanta kod ɗin da wani ya rubuta shekara biyar da suka wuce, da yadda ake sakin sabon gyara ba tare da an rushe abin da ke tafiya ba, kuma jami'o'i da yawa suna da rauni a nan. Amma ka dubi kwas ɗin da ka faɗi. A ce an ba ka aikin rubuta shafin da zai haɗa kowane abokin ciniki da odar da ya yi, ka rubuta shi ta hanyar ɗaukar kowane suna ka bi jerin oda tun daga sama har ƙasa kana nema. A kwamfutarka, da sunaye 100 da oda 100 na gwaji, kwatantawa 10,000 ce kawai, kafin ƙiftawar ido shafin ya buɗe, kowa ya ce madalla. Bayan shekara guda kasuwa ta buɗe, sunaye sun kai 10,000, oda ma haka, sai kwatantawar ta zama miliyan 100 a duk lokacin da wani ya taɓa shafin. Daga nan sai a fara kiran waya da dare ana cewa manhaja ta yi nauyi, wani ya ba da shawarar a sayi babbar na'ura, alhali kuskuren yana cikin layuka goma da aka rubuta tun farko. Wanda ya fahimci wancan kwas ya san cewa idan aka jera bayanai bisa tsari, ana iya gano ɗaya daga cikin miliyan guda da matakai kusan 20 ta hanyar raba jerin biyu a kowane mataki, ya san dalilin da ya sa ake yi wa rumbun bayanai fihirisa, ya kuma hango matsalar tun kafin ta faru. Ba zan yi mamaki ba idan wasu daga cikin kiraye-kirayen daren da ke hana ka karatu irin wannan ne ya haife su.

Sannan kayan aikin da ake koyo a ofis suna da wa'adi. Mutane da yawa sun gina sana'arsu a kan Flash, manhajar sanya bidiyo da wasanni a shafukan intanet, amma kamfanin Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020. An rufe babin harshen rubuta manhaja na Python 2 a farkon 2020, AngularJS, kayan gina shafukan intanet na kamfanin Google, kuma ya bi sahu a ƙarshen 2021. A gefe guda, tsarin ajiye bayanai cikin tebura masu alaƙa da juna, wanda Edgar Codd ya bayyana a 1970, har yau shi ne ƙashin bayan mafi yawan rumbunan bayanai na bankuna da asibitoci da shaguna, haka kuma hanyar gano gajeriyar hanya tsakanin wurare da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 tana nan tana aiki a cikin na'urorin da ke rarraba saƙonnin intanet. Abin da kamfaninku ke koya maka zai ciyar da kai bana da baɗi, wanda jami'a ke koyarwa kuma shi ne zai sauƙaƙa maka sauya sheƙa ranar da kayan aikin bana suka tsufa.

Ban ce ba a zama gwani sai da digiri ba. Wannan sana'a cike take da ƙwararrun da ba su taɓa kammala jami'a ba, kuma da ka rubuto mini kana zangon farko, ba ka son karatun, da wataƙila amsata ta bambanta. Amma kai zango uku suka rage maka. Kada ka yi lissafi da shekarun da suka wuce, domin sun riga sun wuce. Ka auna abin da ya rage da abin da zai saya maka. Shekara ɗaya da rabi na haƙuri za su ba ka takardar da har yanzu ma'aikatu da yawa ke tace masu neman aiki da ita kafin wani ya duba gwanintarsu, wadda ake nema wajen shiga digiri na biyu, wadda kuma ƙasashe da dama ke dubawa wajen ba da izinin aiki. Ka kuma lura da wanda zai fi cin ribar tayin da aka yi maka. Kamfani zai samu ma'aikacin da ya riga ya san manhajarsa ciki da waje, wanda kuma zai yi wuya ya tafi wani wuri, tunda ba shi da takarda kuma duk gwanintarsa a gida ɗaya ya same ta. Ba na zargin shugaban naku da mugun nufi. Yana da aikin da ake jira a hannunsa, kuma ya ga mai iya yi. Sai dai buƙatar sashensa ta wannan shekara yake dubawa, kuma ba shi aka ɗora wa duba shekara ashirin ɗinka masu zuwa ba.

Tayin nan kuma yana ɗauke da wani labari mai daɗi da ba ka lura da shi ba: suna buƙatarka. Ba a yi wa wanda ake shirin sallama tayin ƙarin albashi. Da wannan ƙarfin za ka shiga tattaunawar da ta kamata a yi tun watanni da suka wuce.

Kafin ka nemi ganin shugaban sashenku, ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta ta layi-layi. Ka duba awa nawa aka rubuta, ko akwai maganar horo ko karatu, ko akwai sharaɗin biyan wani abu idan ka bar aiki kafin wani lokaci, da kuma abin da aka ce game da aikin dare. Sannan ka yi mako biyu kana rubuta ainihin awoyin da kake yi kowace rana, har da kiran dare, domin da wuya a yi jayayya da rubutaccen lissafi kamar yadda ake yi da koke. Ka haɗa da jadawalin zango mai zuwa, da ranakun darussa da na jarrabawa. Ka nemi zama na musamman, kada ka tare shi a bakin ƙofa ko a ranar da wani abu ya lalace. Idan kun zauna, ka fara da godiya a kan tayin, sannan ka faɗi matsayarka a sarari, misali: "Yallaɓai, na gode da amincewar da kuka nuna mini, kuma ina son in ci gaba da aiki a nan. Na yanke shawarar kammala digirina, saura zango uku. Ga abin da nake roƙo domin in iya riƙe duka biyun ba tare da na ba ku kunya ba." Daga nan ka kawo buƙatu ƙayyadaddu: kwana biyu sanannu a mako waɗanda ba za a sa ka aiki ba, ko aƙalla ɗaya da rabi, a cire ka daga jiran kiran dare a lokacin zango, mako biyu na hutu kafin kowace jarrabawa da lokacinta. Ka kuma kawo abin da za ka bayar, wato cikakken aiki a lokacin hutun makaranta, da rubuta bayanin sassan manhajar da kai kaɗai ka sani domin wani ya iya riƙe su idan ba ka nan, da niyyar karɓar tayin nasu bayan ka kammala idan har yana nan. Idan rage kwanaki zai jawo rage albashi, ka lissafa tun a gida mafi ƙarancin abin da zai biya maka kuɗin makaranta da buƙatun dole, domin ka san inda za ka tsaya. Duk abin da kuka amince a kai, ka aika masa da shi a rubuce a ranar, cikin ladabi, ka roƙi ya tabbatar.

Akwai kuma naka kason a cikin yadda abin ya kai haka, kuma kusan kowane ɗan koyo yana faɗawa cikinsa. Idan aka tambaye ka yaushe za ka gama wani aiki, bakinka yakan riga tunaninka cewa gobe, saboda kana son a ga ƙoƙarinka, sannan ka biya wannan alkawari da daren da ya kamata ka yi nazari. Ka koyi cewa "bari in duba in ba ku amsa da rana", ka kuma sa ranakun karatunka cikin ƙiyasin. Idan aka kawo sabon aiki alhali kana riƙe da wani, ka tambayi wanne za a fara, domin wannan tambaya tana mayar da nauyin zaɓi ga wanda yake da ikon yin sa. Idan kuma ka maƙale a kan matsala fiye da rabin awa ko awa ɗaya ba ka matsa ba, ka rubuta abin da ka gwada ka je ka tambayi na gaba da kai. An ɗauke ka ne a matsayin mai koyo, tambaya tana cikin aikinka.

A ɓangaren jami'a, ka je wurin malamin da ke ba ɗaliban ajinku shawara tun kafin a buɗe rajista, ka faɗa masa gaskiyar halin da kake ciki. Ka tambayi yadda ake maimaita kwas ɗin da aka faɗi, da mafi ƙarancin kwasa-kwasan da ake yarda ɗalibi ya ɗauka a zango, da iyakar shekarun da aka ba ka ka kammala. Idan ƙa'ida ta ba da dama, ya fi maka ka ƙara zango ɗaya ka fita da sakamako mai kyau a kan ka cusa komai cikin uku ka sake faɗuwa. Idan ma ta kai ga dole sai ka dakata, ka jingine karatun a hukumance da takarda, kada ka ɓace kawai, domin wanda ya jingine yana da ƙofar dawowa, wanda ya ɓace kuwa sau da yawa sai ya tarar an share sunansa.

Game da nazarin kansa, awa ɗaya da safe kafin ka buɗe saƙonnin ofis ta fi awa uku na dare bayan kwakwalwa ta gaji, kuma bitar abu kaɗan-kaɗan a ranaku daban-daban ta fi zama a kai fiye da haɗiye shi a daren jarrabawa. Kada ka riƙa cin bashin lokaci daga barci. Likitoci suna ba manya shawarar aƙalla awa 7, kuma kod ɗin da aka rubuta da ƙarfe biyun dare yawanci shi ake kwancewa da safe. Ka kuma sa aikin ya yi wa karatun hidima: duk abin da aka koyar a aji, ka nemi inda yake ɓoye a cikin manhajar kamfaninku, domin ka fi abokan karatunka sa'a a nan, kana da ainihin misali a gabanka. Amma ka kiyayi abu biyu. Kod ɗin kamfani da bayanan abokan cinikinsa amana ne, kada ka sa su cikin aikin binciken kammala karatunka sai da rubutaccen izini. Haka kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Copilot za su yi maka tayin rubuta aikin gida cikin minti biyu a daren da ka fi gajiya. Ban da haɗarin hukuncin jami'a, za ka miƙa aikin da ba ka fahimta ba, ka shiga ɗakin jarrabawa hannu rabbana. Ka yi amfani da su wajen neman bayani a kan abin da ya shige maka duhu, sannan ka rufe su ka rubuta da kanka.

Mai yiwuwa ne kamfanin ya ƙi, ko ya amince a takarda sannan bayan wata guda a koma gidan jiya. Idan haka ta faru, ka yi wa kanka wasu tambayoyi. Shin akwai wani gwani da ke karanta kod ɗinka yana gyara maka kafin a sake shi? A cikin wata ukun da suka wuce, wane sabon abu ka koya wanda wani ya zauna ya nuna maka? Idan amsar ita ce babu, to sunan ɗan koyo kawai ya rage maka, aikin cikakken ma'aikaci kake yi a kan albashin mai koyo, kuma a wannan hali aikin ne za ka saki. Amma ka sake shi da tsari: ka fara neman wani wurin mai kwanaki kaɗan ko ƙananan ayyukan kwangila tun kana nan, tunda gogewar fiye da shekara guda da kake da ita yanzu tana da daraja a kasuwa, ka tanadi kuɗin zango ɗaya idan da hali, ka ba da sanarwa yadda takardarka ta tanada, ka miƙa aiki cikin mutunci domin za ka buƙaci shaidarsu nan gaba.

Mahaifinka kuma kada ka bar shi da zullumi. Ka zauna da shi ka nuna masa lissafin kuɗin makaranta da jadawalin da kake nema a ofis, ka gaya masa ka yanke shawarar kammala digirin, ka kuma sanya wa'adi a gabansa: idan sakamakon zango mai zuwa ya fito da sauran faɗuwa, za ka bi shawararsa ka ajiye aikin har ka gama. Zaman da shugaban sashenku kuwa ka nema da zarar ka kammala mako biyun rubuta awoyinka, kafin a buɗe rajistar kwasa-kwasai, domin amsarsa ce za ta nuna maka kwas nawa za ka ɗauka. Allah ya yi maka jagora.